Sana'ar sharar gidaje a Maraɗi: yadda za ki fara, da abin da ya kamata ki sani kafin ki shiga gidan kowa

Ranar da na gaya wa Inna cewa sharar gidajen mutane zan mayar sana'a, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke ɗiyar ga, da girmanki za ki koma boyi-boyi?" Ban ga laifinta ba. A Maraɗi babu gidan da ya rasa mai shara. In ba matar gida ba, ɗiyarta. In ba ita ba, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye. In duk babu, ga almajiri a bakin ƙofa, da dala 20 da ɗumamen tuwo zai share tsakar gida fes. To wa zai ƙirga jika 20 ko 30, wato sefa dubu 20 ko 30, ya ba ki don aikin da ake yi masa kusan kyauta?

Ki amsa wannan tambayar kafin ki sayi ko tsintsiya. Ni sai da na ci tuwon wahala na wata shida na gane amsar. Shekara huɗu na yi ina shara a ofishin wata ƙungiya, aikinsu ya ƙare a 2019 aka sallame mu, na fito da tunanin in riƙa bin gidaje kullum da safe ina shara da wanke-wanke a biya ni a wata. Ban kai ko'ina ba, don kuɗin da 'yar aiki ke karɓa a wata ba zai biya mini kabu-kabu ba. Kasuwata ta buɗe ne ranar da wata maƙwabciya za ta aurar da ɗiya, an gama ginin gidan ango a unguwar Zariya, saura kwana uku jere, ga siminti ya bushe a kan karo, wato tayil ɗin daɓe, ga fenti a gilashin tagogi, ga ƙurar kafinta har cikin ban ɗaki. Dangi sun zo da tsintsiya sun yi ta fama, abu ya gagara. Ni da ƙanwata muka kwana biyu a kai. Aka biya mu abin da ban taɓa samu a wata guda na bin gidaje ba.

Wato aikinki shi ne wanda ya fi ƙarfin mutanen gida, kuma wanda ba za su yarda su miƙa wa wanda ba su sani ba. Sabon gini kafin a tare. Gidan amarya kafin jere. Gidan haya da wani ya tashi ya bar shi kamar an yi yaƙi. Babbar sharar kafin sallah, wadda ake fitar da kujeru da gado a kakkaɓe labule. Gyaran gida bayan biki ko suna. Gidan alhazai kwana biyu kafin jirginsu ya sauka. Daga cikin waɗannan ne za ki tsinci 'yan gidajen da za su ce ki riƙa zuwa sau biyu a wata, galibi matan da ke fita aiki, malaman lakwal da ma'aikatan likita, ko malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da iyalinsu ke Yamai ko Damagaram. Su ne ke riƙe ki a watannin da babu biki.

Kuma ki san inda za ki dosa. A tsofaffin unguwanni irin Bagalam, Mokoyo da 'Yandaka gidajen gado ne cike da jama'a, hannu ya yi yawa, ba safai ake neman na waje ba. Inda ake ta sabon gini da karo da gilashi, irin Ali Ɗan Sofo da Zariya, can aikin yake.

Jari da kayan aiki

Ba ki buƙatar banki. Ni da kuɗin asusunmu na mata na fara, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi tun 1991, wanda yau ya bazu ƙasashe da yawa. Na ranci jika 40, na biya cikin wata uku.

Abin da na saya a babbar kasuwa: tsintsiya mai tauri ta tsakar gida da mai laushi ta ɗaki, buroshi mai sanda da na hannu, bokiti huɗu, dogon gora don sauke yanar gizo, soson ƙarfe da na roba, wuƙar kankare fenti irin ta magina, reza, safar hannu ta roba mai kauri, takunkumi, da jarka biyu masu cin lita 25. Tsumma kuwa kada ki saya. Tsofaffin rigunan gwanjo na auduga sun fi komai shan ruwa, ki yayyanka su. Tsani na yi ta aro har shekara ta zagayo.

Akwai wadda ta zo neman shawara, ta riga ta zuba rabin jarinta a injin zuƙar ƙura don ta gani a waya. A bazara, lokacin da wuta ke wasan ɓuya, injin nan kaya ne kawai a kan babur. Sabon gini ma sau da yawa ba a ja masa wuta ba tukuna. Ki bari sai kin sami gidaje masu kafet da yawa.

Yawancin robobi da kayan wanki daga Kano suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa, don haka farashinsu na bin lafiyar iyaka. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Abin da na koya: in kin ƙulla yarjejeniyar wata-wata da gida, ki ware kuɗin hannu daban, kuɗin omo da jabel (ruwan kashe ƙwayoyin cuta) daban, ko ma ki ce su riƙa saye da kansu. In ba haka ba kaya za su tashi, ke kuma kunya ta hana ki ƙara kuɗi.

Jabel da asid

Nan zan tsaya in daɗe, don nan ne ake jin ciwo.

Jabel ba sabulu ba ne. Ba ya cire datti, ƙwayoyin cuta yake kashewa, kuma in kin zuba shi a kan datti ƙarfinsa ya tafi a banza. Ki wanke da omo, ki ɗauraye, sannan ki bi da jabel. Ki duba lambar ƙarfinsa a jikin kwalbar: in an rubuta 12°, kofi 1 cikin kofi 30 na ruwa ya isa daɓe da ban ɗaki, in 8° ne, kofi 1 cikin 20. Da ruwan sanyi, ba na zafi ba. Ki bar shi kamar minti 10 kafin ki goge. Wanda kika surka yau na yau ne, gobe sai sabo. Kwalbar kuma a ajiye ta a inuwa, don rana da zafi na kashe ƙarfinsa. Wanda ya wuni a kan tebur a bakin titi cikin ranar Afrilu, rabinsa suna ne.

Asid ɗin da ake sayarwa don cire siminti shi ne ke sa sabon gini ya yi ƙyalli, shi ne kuma zai iya cinye ribarki ta wata. Yana cin marmara da daɓen granito, yana zaizaye simintin tsakanin karo, yana dusar da kan famfo da alminiyon taga. Ki fara gwadawa a lungun da ido ba ya kai wa. In za ki surka, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kuma sau da yawa ma ba ki buƙatarsa: ki jiƙa simintin, ki ba shi lokaci, ki bi shi da wuƙar kankarewa a kwance.

Kada ki taɓa haɗa jabel da asid, ko da ruwan khal, wato binega, ko da maganin wanke masai na kanti, ko da wani abu mai amoniya. Haɗin na fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Ba labari na ji ba. Wata yarinyar aikina, mai ƙwazo ce ƙwarai, ta ga masai ya yi baƙi, ta zuba asid, ta ga bai fita da sauri ba ta bi shi da jabel, kuma ƙofa a rufe. Tarinta muka jiyo daga falo. Muka jawo ta waje idanu jajur, hawaye na zuba, muka kai ta likita. Allah ya kiyaye, amma kwana uku ba ta fita aiki ba, kuɗin magani kuma daga aljihuna. Tun ranar ni kaɗai ke riƙe kwalbar asid. Ko masai ɗin da fitsari ya kwanta a ciki, sai an kora da ruwa sosai kafin jabel ya taɓa shi. Taga da ƙofa a buɗe, safa a hannu, kuma kada ki taɓa juye waɗannan abubuwa cikin gorar ruwan sha a gidan da ke da yara.

Yadda ake bin ɗaki

Garin nan a kan tudun rairayi yake tun da ambaliyar gulbi ta 1945 ta sa aka taso daga fadama, don haka ƙura abokiyar zamanmu ce, balle daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauko. Dokar ɗaya ce: daga sama zuwa ƙasa, busasshe kafin jiƙaƙƙe, daga ƙurya zuwa ƙofa. Yanar gizo da rufin ɗaki tukuna, sai fanka, sai saman kabad da tagogi, sai a share, sannan ruwa ya taɓa ƙasa. In kika yi gaggawar zuba ruwa a kan jar ƙurar nan, taɓo kika kwaɓa, za ki yi aiki biyu. Kayan katako da talabijin kuma da tsumma mai ɗan danshi ake bi. In kin kaɗe da busasshe, ƙurar tashi take ta jira ki fita ta koma mazauninta.

Bokiti biyu ake goge daɓe da su, ɗaya na ruwan omo, ɗaya na ɗauraye tsumma. Tsumman ban ɗaki kuma launinsa daban, ni ja nake ware masa, ba ya kusantar madafa ko da an wanke shi sau goma. Matan gida na lura da wannan fiye da yadda kike zato, don maganar tsarki ce. Haka butar ban ɗaki, a bar ta inda aka same ta. Alƙur'ani da allo da littattafan maigida, ki roƙi matar gida ta ɗauke da hannunta kafin ku fara. In kin ga wata laya a saƙale a saman ƙofa ko ƙulli a ƙarƙashin katifa, ki goge gefensa ki wuce, ba ki gani ba.

Gilashi da safe ko da yamma ake wanke shi. Cikin rana ruwan na bushewa kafin ki goge, ya bar zane.

Amana

Gidan Bahaushe ba ofis ba ne. Za ki shiga ɗakin da ko ƙanen maigida bai taɓa leƙawa ba. Saboda haka ma'aikatanki mata za su zama, kuma wannan ce babbar damarki a kan duk wani namiji da zai so shiga sana'ar. Kina buƙatar saurayi ɗaya don hawa tsani, ɗaga kabad da wanke tankin ruwa, amma shi a zaure zai tsaya sai maigida ya yi izini, a sanar da matan gida su kimtsa, ya yi nasa ya fita.

Ba na ɗaukar wadda ban san gidansu ba. Sai na je na gaida uwarta ko mijinta, in ba 'yar unguwarmu ba ce kuma sai wani da mai unguwa ya sani ya tsaya mata. Dokar aiki ta 2012 ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ni kuwa ko 'yar 17 ba na ɗauka, don aikin akwai nauyi da magunguna masu cutarwa.

Duk da haka sai da ta faɗa mini. A shekarata ta biyu mun yi sharar sallah a gidan wata Hajiya, mun tashi lafiya, har da tukuicin atamfa. Bayan isha'i sai ga kira. "Ɗiyata, 'yan kunnena na zinariya sun ɓace, kuma ba wanda ya shiga ɗakin ga in ba ku ba." Na ce, "Hajiya, ki yi mani haƙuri zuwa safiya, in sha Allah za mu zo dukkanmu." Daren nan ban runtsa ba. Da safe na kwashi yaran uku muka je, ɗaya tana kuka tun a hanya. Muka sake fitar da komai na ɗakin a gabanta. Suna cikin wata kumbo a ƙasan jere, ita da kanta ta ɓoye su tun farkon azumi ta manta. Ta ba da haƙuri, ta ce a yafe mata. Amma kafin a gano su magana ta riga ta fita, gidaje biyu da suka yi mana alkawari suka janye, ɗayan har yau bai dawo ba.

Yanzu kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa, nakan ce wa matar gida, "Hajiya, don Allah zinariya, kuɗi da waya a kulle su wuri guda, makulli a hannunki." Wasu na cewa haba, ai mun yarda da ke. Ina dagewa. Yarana ba sa shiga da jaka, kuma ɗakin barci ba a gyara shi sai da wani na gidan a tsaye. Turakar maigida sai an ce a shiga.

Sai baki. Abin da kuka gani a gidan mutane, a bar shi can. Wadda ta fito tana ba da labarin katifar wance ko bashin da ta ji ana yi wa Alhaji waya a kai, ranar ta gama aiki da ni. A gidan kishiyoyi kuma ki bi a hankali: ki san wadda ta kira ki da wanda zai biya. In maigida ne, kowane ɗaki a yi masa daidai da ɗan'uwansa, har yawan turaren wutar da za a sa a ƙarshe. Na taɓa daɗewa a ɗakin amarya da kamar rabin awa don nata ya fi tarkace, uwargida ta ƙirga.

Kuɗi

Kada ki yanke farashi a waya. "Ɗan ƙaramin gida ne" na iya zama ɗaki shida da garejin da akuya ta shekara a ciki. Ki je ki gani, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ki ƙirga ɗakuna da ban ɗaki da tagogi, ki taɓa daɓen ki ga irinsa, ki tambayi ruwa. Wannan ta ruwa ita ce sabbin shiga ke mantawa. In famfo ba ya zuwa ko ba a ja ba, 'yan garuwa za ki saya wa, kuma sabon gini na shan jarka fiye da 20. Ki tambayi inda za a kai sharar. In mai amalanke za a kira, kuɗinsa ya shiga lissafi. Kada ki yarda yaranki su juye ta a magudanar ruwa, damina na zuwa ta dawo da ita ƙofar wanda ya ba ki aiki. Rabinta ma baƙar leda ce, duk da dokar hana ta da aka yi tun 2014.

Ga yadda na lissafa wani aiki na kwanan baya, sabuwar bila mai ɗaki 3 da falo da ban ɗaki 2. Ma'aikata 4, kowa jika 3, jika 12 ke nan. Adaidaita zuwa da dawowa da kaya, jika 2. Omo, jabel, asid da soso, jika 4. Ruwa jika 1, abincin rana jika 2. Ya kama jika 21 kafin in ci ko dala. Na ce 35, aka yi ciniki muka tsaya a 30. Cikin 9 da suka rage, 2 na asusun kayan aiki ne, don buroshi na cinyewa bokiti na fashewa. Ki yi naki lissafin da farashin ranar da kike ciki, amma kada ki manta da saka ladan kanki in ke ma kin duƙa kin yi aikin.

Da aiki ake ciniki, ba da wuni ba. In kin ce wuni, za a yi ta ƙaro miki: ga wanki, ga tukwane, ga ɗan yaron nan a yi masa wanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ki faɗi abin da ke ciki da wanda ba ya ciki tun farko. Da yake ba kowa ke karatu ba, ni muryar WhatsApp nake aikawa bayan mun daidaita: ɗaki kaza, kuɗi kaza, rana kaza, ban da wanki da wanke-wanke. Ta amsa da "to, na ji." Wannan muryar ta raba ni da gardama ba sau ɗaya ba.

Rabin kuɗi abans, rabi kafin ku bar gidan. In maigida na tafiya, ya turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Airtel Money. "Ki dawo gobe Alhaji bai nan" ta cinye mini kuɗin da ya kai na tsani biyu. Yaranki kuwa ki sallame su a ranar, ko an biya ki ko ba a biya ba. Dangi su ne masu wuya. Na yanke wa kaina cewa ina yafe ladana, amma na yara da na kaya sai an biya, ko gwaggo ce.

Takardu ba sa hana ki farawa, amma ranar da wata ƙungiya ko ofis ta nemi ki kawo faktir, wato takardar lissafin kuɗin aiki, za a tambaye ki rajistar kasuwanci, wato RCCM, da lambar haraji ta NIF. Ki je reshen ɗakin 'yan kasuwa na nan Maraɗi su nuna miki hanya, ki kuma tambaye su matsayin ƙaramin ɗan kasuwa da dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta tanada tun 2010, ya fi sauƙi ga irinmu. In kin kai ga ɗaukar ma'aikatan dindindin masu albashin wata, akwai rajistarsu a CNSS, asusun inshora da fansho na ma'aikata.

Talla kuma ban taɓa biyan rediyo ba. Masu fenti da masu sa karo su ne suka san gidan da aka kusa gamawa. Dillalan gidaje sun san wanda ya tashi. Masu jere da masu ƙunshi sun san auren da za a ɗaura wata mai zuwa. Duk wanda ya kawo mini aiki yana da jika 1, a ranar, ba sai ya tambaya ba. Hoton kafin da bayan aiki na jawo mutane a WhatsApp, amma sai da izini, kuma daɓe da taga kawai, ban da gadon mutane da kayan jerensu.

Kwana goman ƙarshe na azumi aiki zai yi miki yawa har ki rasa inda za ki sa kanki, haka makonnin da ake rububin ɗaura aure kafin azumi ya kama. Kada ki karɓi fiye da gida ɗaya a rana ga kowace tawaga. Da azumi muna farawa da an sallame asuba, mu tashi kafin azahar, don duƙe da ƙishirwa cikin warin jabel ba abin wasa ba ne. Ki fara rubuta sunayen masu so tun watan Sha'aban, ki karɓi abans, ki sayi omo da jabel ɗinki a lokacin kafin kasuwa ta cika.